Yaranmu suna rera shafi da ka, amma sabuwar kalma tana gagararsu

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali, ya kuma haƙuri da mu masu yawan damunku da wasiƙu. Ni 'yar uwarku ce Bahaushiya daga Gadarif a gabashin Sudan, malamar firamare ce ni, aji ɗaya da aji biyu nake riƙewa tun kafin yaƙin nan ya ɓarke, jaridarku kuma a waya nake karanta ta duk sanda netwok ya samu. Ina roƙon ka bani fili in yi magana da iyaye da malamai 'yan uwana, na nan Sudan da na can gida Najeriya da Nijar, akan yadda muke koya wa ƙananan yara karatu, don wallahi abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya.

Abin da nake gani kullum shine yaro ya buɗe littafi ya rera shafi guda tun daga sama har ƙasa ba gargada, uwa tana murna uba yana cewa masha Allah, amma ka ɗauki alli ka rubuta masa kalma ɗaya tak mai baƙi uku wadda bata cikin shafin, sai ya yi tsuru yana kallon fuskarka yana jira ka fara ya bi ka. Wannan hadda ce. Hadda tana da girmanta, babu wanda ya isa ya raina ta a gidan Musulmi, da ita aka tsare mana Alƙur'ani a ƙirji. Amma karatu aiki ne daban, shine yaro ya ga baƙi ya san sautin da yake bayarwa, ya haɗa wannan sautin da na gaba da na gaba har kalma ta fito daga bakinsa ko da bai taɓa ganinta ba. Turawa suna ce wa wannan hanya foniks, kuma ita nake so mu koma mata gadan-gadan a makaranta da kuma cikin gida.

Me yasa yanzu? Kowa ya san tun 15 ga Afrilu 2023 da aka fara harbe-harbe a Khartoum makarantu suka rufe. A watan Oktoba na shekarar UNICEF da Save the Children sun ce yara kusan miliyan 19 basa zuwa makaranta a Sudan, tun kafin yaƙin ma wajen miliyan 7 suna waje. Da birnin Madani ya faɗi a Disamba 2023 mutane suka kwararo mana nan Gadarif da Kasala, azuzuwa suka zama ɗakunan kwana, kowane aji iyalai sun raba shi da zani da buhu, allon bango ya koma wurin rataye kaya. Ba laifinsu bane, ina zasu je? Amma sakamakon shine yau muna da 'yan shekara 9 da 10 da basu taɓa zaman aji ɗaya ba, da waɗanda suka fara aka katse su suka manta komai. Mu nan ƙasar noman riɗi ce, kowa ya san riɗi idan ya nuna baya jiran mai gona, ka yi jinkiri kaɗan ya fashe ya zube, toh haka shekarun nan na farko suke ga yaro. Babu sauran lokacin da zamu ɓata muna sa su maimaita abin da basu gane ba.

Abin da yake bani mamaki kuma, idan na ce foniks sai wasu iyaye su ɗauka wani sabon abu ne da ƙungiyoyin agaji suka kawo daga Turai. Haba jama'a. Kakanninmu da suka taso daga Sakkwato da Kano da Katsina suka biyo hanyar Hajji a ƙafa, da waɗanda suka zo bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, ai da allonsu suka zo, kuma a makarantar allo sai yaro ya yi babbaƙu ya san baƙaƙe, sannan farfaru a sa masa wasali, wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri, ƙarfi, kafin a sake shi ya yi ta biya allonsa. Halwar nan ta Sudan, wato makarantar allonsu, ma haka take, zaka ji yara suna rerawa ba nasab, bi khafad, bu rafa, ab jazam. Wannan ai shine haɗa baƙi da wasali a fitar da sauti. Ƙa'ida Bagadadiyya da Ƙa'ida Nuraniyya ta Shehu Nur Muhammad Haƙƙani ɗan ƙasar Indiya duk akan wannan tsari aka gina su, baƙi ɗaya-ɗaya, sai haɗaɗɗu, sai wasula, sai madda, sai sukun da shadda. Gadonmu ne, mu muka sake shi.

Sai dai in faɗi gaskiya, a ganina babbaƙu yana jan lokaci da yawa akan sunan baƙi. Yaro zai yi watanni yana alu ambaki wau zal, ba sin mim ara, sunayen suna da daɗi kuma suna taimaka masa ya riƙe siffar baƙin, amma da suna kaɗai ba'a karatu. Idan yaro ya ga kataba ya ce kaf, ta, ba, har gobe bazai kai ga kalmar ba. Sai ya ce ka, ta, ba, ya ƙara sauri, ya ƙara, har kunnensa ya ji kataba da kansa. Don haka ni a ajina ranar da na nuna baƙi ranar nake sa masa fataha, kuma da mun samu baƙaƙe huɗu ko biyar sai mu fara haɗa kalmomi, bana jira sai mun gama duka 28 ɗin. Da dal da ra da sin da zai da ain kaɗai yaro zai karanta darasa da zara'a a satinsa na biyu, ka ga yadda idonsa yake buɗewa, ya koma gida yana neman duk wani rubutu a jikin buhu ko gwangwani.

Larabci yana da nasa wuraren da yara suke tuntuɓe, kuma malami ya kamata ya san su ya tsaya a kansu. Ba da ta da sa da nun da ya idan suka zo a tsakiyar kalma duk haƙori ɗaya ne, ɗigo kawai ya raba su, don haka bana koyar da su a jere cikin sati ɗaya ko da littafi ya jera su, ina raba tsakaninsu sai ɗaya ya zauna. Baƙi yana canza kama a farko da tsakiya da ƙarshe, ain da ha sun fi kowa wannan hali, dole yaro ya ga kowace kama ya rubuta ta da hannunsa. Akwai shida da basa kama na bayansu, alif, dal, zal, ra, zai da wau, yaro yakan ɗauka kalma ta ƙare a wurin. Sannan ɗan Bahaushe yana zuwa da kunnen Hausa, sin da sad da sa mai ɗigo uku duk s yake ji, zai da zal da za mai hannu duk z, ha ƙarami da ha babba duk h. Wannan ba daƙiƙanci bane, sautin ne babu a harshen da ya sha a nono. Sai an zauna an nuna masa baki, ga inda harshe yake zama, ya kalli naka ya kwaikwaya. Bulala bata taɓa sa kunne ya ji bambancin sin da sad ba.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 9 da suka gudo daga Madani da kakarta, ta shigo cikin yaran da nake tarawa a rumfar ƙofar gidanmu da hantsi lokacin da makarantu suke rufe. Kakar ta ce min ai wannan ta iya karatu ustaza, gwada ta ki gani. Na bata tsohon littafin aji ɗaya ta karanta shafin farko tsaf, amma yatsanta yana kan layi na huɗu bakinta yana layi na biyu. Na rufe littafin na share ƙasa da tafin hannu na rubuta mim da fataha. Shiru. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta san an gano ta, sai na ce mata yi haƙuri 'yata, rufe bakinki ki yi kamar kin ɗanɗana miya mai daɗi, mmm, toh yanzu buɗe, ma. Muka tattara murafen kwalba muka rubuta baƙi ɗaya a cikin kowanne da ɗan guntun gawayi da biro, tana jera su a kan tabarma tana matso da su kusa da juna tana haɗa sautin. Kafin damina ta wuce, wata rana ta tsaya a jikin buhun da aka raba musu tana bin rubutun da yatsa a hankali, da, ƙii, ƙ, sai ta juyo ta ƙwala wa kakarta kira, Habboba an rubuta gari ne! Ba wanda ya taɓa karanta mata wannan kalmar.

Kar a ce zancen malamar ƙauye ne kawai. A Amurka wani kwamitin ƙasa akan karatu ya fitar da rahoto a shekarar 2000 ya ce koyar da sautin baƙaƙe daki-daki bisa tsari ya fi barin yaro ya riƙa cinta daga hoto. A Clackmannanshire ta ƙasar Sikotlan an bi yara kusan 300 har shekara 7, da suka kai ƙarshen firamare karatun kalmominsu ya wuce na shekarunsu da fiye da shekara 3. Ingila bayan rahoton da wani masanin ilimi mai suna Rose ya fitar a 2006 ta mayar da hanyar tilas, kuma daga 2012 duk ɗan shekara 6 ana yi masa ɗan gwaji na kalmomi 40, rabinsu kalmomin ƙarya ne da basu da ma'ana, don a tabbatar haɗawa yake ba hadda ba. Shekarar farko kashi 58 cikin ɗari suka ci, zuwa 2019 sun kai kashi 82. Turanci kenan fa, harshen da yake da baƙaƙe 26 amma sautuka wajen 44, wanda baƙi ɗaya zai yi wannan kuka a nan ya yi wani a can. Shi yasa masu tsarin Jolly Phonics basa farawa da a b c, suna farawa da s a t i p n don yaro ya samu kalmomin haɗawa da wuri. Idan hanyar ta yi aiki a harshe mai rikici haka, ina ga Larabci mai wasali da Hausa da kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa?

Amma ga inda nake so malamai 'yan uwana su tsaya su ji. A wancan binciken na Sikotlan, fahimtar abin da aka karanta da 'yan watanni kawai ta wuce shekarun yaran. Wato iya fitar da kalma ba shine gane ta ba, kuma mu nan wannan matsalar ta fi tsanani, don ɗanmu yana Hausa a gida, yana darija, wato Larabcin yau da kullum na Sudan, a titi da kasuwa, ya zo aji a ɗora masa fusha, Larabcin littafi, wadda ba wanda yake magana da ita a unguwa. Zai iya karanta jimla daidai da wasalinta ka tambaye shi me aka ce ya ce bai sani ba. Ni dai bana jin kunyar fassara wa yaro da Hausa a cikin aji, ko da wasu suna ganin hakan kamar ƙasƙanci ne. Mu karanta kalmar da Larabci, mu faɗi ma'anarta da Hausa, mu sa ta a jimla, ya nuna min abin a tsakar gida idan akwai shi. Bankin Duniya a 2022 ya ce kashi 70 cikin ɗari na 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali basa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi, a Afirka kudu da Sahara kusan 9 cikin 10. Karantawa da ganewa aka ce, duka biyun.

Rubutun Hausar boko kuma, mu nan kaɗan ne suka iya, galibinmu da baƙaƙen Larabci muke rubuta Hausa a WhatsApp kowa da yadda ya ga dama. Ni na koya wa 'ya'yana bokon ne bayan Larabcinsu ya zauna, kuma bai ɗauke su lokaci ba, wasula biyar ne, ba be bi bo bu, sai masu ƙugiya ɓ ɗ ƙ da 'y, sai masu goyo irin sh da ts da ky da gw. Inda kawai za'a kula shine boko baya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, garin da muke zaune da garin tuwo rubutunsu ɗaya, sai jimla ta raba. Na ji labarin littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a makarantun Bauchi da Sakkwato, waɗanda suke fara yaro da sautin Hausa kafin Turanci, Allah ya saka wa waɗanda suka yi aikin. 'Yan uwa na Najeriya, don Allah ku daina gaggawar cusa wa ɗan shekara 4 A for apple alhali bai taɓa ganin tuffa ba. Wanda ya gane sirrin haɗa sauti da harshen uwarsa, idan ya je wani harshen baƙaƙen ne kawai sabbi a wurinsa.

Yanzu bari in juyo kan iyaye mata, don su ne suka fi cewa ni ai ban yi makaranta ba ustaza me zan koya masa. Yaya, Goggo, Inna, rabin aikin nan babu alƙalami a ciki. Kafin yaro ya ga baƙi sai kunnensa ya iya tsinka kalma. Kina tankaɗe ki ce masa kawo min abu uku da suka fara da mmm, ya kawo murfi da madubi da muciya. Ki ce ta, bar, ma, me na ce? Ya haɗa ya ce tabarma. Ku tafa hannu ku ƙirga gaɓoɓin sunansa, Ha, li, ma, tafi uku. Ki ce idan na cire ra daga rago na sa go me ya zama, ko da abin da ya fito bashi da ma'ana ku yi dariya tare. Da kwaɗo da ƙato suka je neman ƙoto ɗin nan da muke yi muna yara, ai horon kunne ne akan k da ƙ. Sannan tatsuniya da daddare, Gizo da Ƙoƙi, a tsaya a tsakiya a tambaye shi me kake gani Gizo zai yi, me yasa ya yi haka. Daga nan kalmomi suke taruwa a kansa, daga nan fahimta take zuwa. Habboba da bata san alif ba ta fi ni iya wannan.

Uba kuma idan ya dawo daga gona ko kasuwa, minti goma bayan magariba sun isa, amma kullum, ya fi awa biyu ranar Juma'a da faɗa da tsawa. Ka rufe hoton da hannu ka ce ya karanta. Ka nuna kalma daga ƙasan shafi ba daga sama ba. Idan ya tsaya kar ka yi saurin faɗa masa, ka nuna baƙin farko ka ce wannan me yake cewa, ka ba shi numfashi. Kuma ka yi masa shifta, ka faɗi kalma mai baƙi uku ya rubuta a ƙasa da tsinke, don wanda ya iya tsinka kalma ya rubuta shine ya kama abin da gaske. Idan babu littafi akwai jikin buhu, akwai rubutun bayan raksha, wato keke mai ƙafa uku, akwai allon shago. Yaro babba a gida ma ya riƙe ƙaninsa, na ga 'yan shekara 12 da suka fi wasu manya haƙuri.

Malamai kuma na san halin da muke ciki, watanni ba albashi, aji cike maƙil har wasu suna zaune a taga, ga ɗan shekara 6 ga ɗan shekara 11 a benci ɗaya. Cikin irin wannan cunkoso abu mafi sauƙi shine ka karanta su amsa gaba ɗaya, ajin ya ɗauki amo, mai wucewa ya ce ana karatu. Amma cikin amon nan yara goma ne suke kallon allo, sauran bakin maƙwabci suke bi. Ni abin da nake yi, kowace rana ina kiran biyar gabana ɗaya bayan ɗaya yayin da sauran suke rubutu, in nuna musu gaɓoɓin da ban taɓa rubutawa a allo ba, in sa alama a takardata wa ya tsaya a ina. Sai in zaunar da su bisa inda suka kai ba bisa shekaru ba. Manyan da suka makara basa son a haɗa su da ƙanana, suna jin kunya, don haka nake basu lokacinsu daban da la'asar, kuma suna saurin kamawa idan ba'a tozarta su ba. Masu halwa ma ina roƙonsu da girmamawa, Allah ya gafarta malam, a daɗe akan farfaru, a riƙa gwada yaro da kalmar da bata cikin allonsa kafin a wanke masa.

Toh Malam Edita ga roƙona gare ku. Ku ware mana ɗan fili ko sau ɗaya a sati na yara masu fara karatu. Sati ɗaya baƙaƙe uku ko huɗu, da gaɓoɓinsu, da gajeren labari na layi biyar wanda babu kalma a cikinsa sai da baƙaƙen da aka riga aka koya, a rubuta shi da boko a rubuta da ajami mai cikakken wasali saboda mu na nan da 'yan uwa na Makka da Jidda da yaransu suka fi sabawa da baƙin Larabci. Ku haɗa da 'yar murya ta minti ɗaya da wani malami zai furta sautukan daidai, kar ta yi nauyi, don data tana da tsada a nan kuma wuta sai an ga dama, idan fayil ɗin ƙarami ne mutum ɗaya ya sauke zai tura wa unguwa guda. Akwai malaman Hausa a kwalejojin ilimi na Kano da Zariya da Sakkwato da zasu iya tsara muku wannan cikin sauƙi. Idan kuka fara, ni da malamai mata 'yan uwana a nan zamu kwafe shi da hannu a kwali mu raba wa gidajen da babu waya, kuma zan riƙa rubuto muku inda yara suka makale don a gyara na gaba.

Na gode da haƙurin karantawa, a gaida ma'aikata baki ɗaya, kuma ku ci gaba da sa Sudan a addu'a.

Wassalam,
'Yar uwarku, malamar aji ɗaya,
Gadarif, Sudan.